Fijon Malam a Kasuwar Kara

Daren jiya na yi wani irin mafarki, ni da ba na cikin masu farkawa su tafi neman mai fassara. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a makarantar 'yan mata, na san tuwon dare idan ya yi nauyi yana da nasa labarin. Duk da haka bari in faɗa yadda ya zo.

Sai na fara da abin da ke ido biyu. A gefen gidanmu akwai wata Fijo 404 ta marigayi maigidana, wanda ya yi aikin malamin gona, kowa Malam yake ce masa. Tun rasuwarsa take zaune a kan duwatsu huɗu, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Ɗana Nafi'u yana son wurin ya gina shago, har ya yi magana da 'yan gwangwan su zo ran Asabar su yanka ta su auna. Da ya nemi izinina na ce masa ƙarfe ne, a kai. Haka na ce, a kan haka na kwanta.

Sai ga ni da rana tsaka a wani fili, motoci jibge kan juna kamar buhuna a sito. A tsakiya wata ungulu ce tsaye da hular kwano, guduma a hammata, tana duba sikeli. Fijon Malam ce rataye a sikelin, ƙafafu sama, kamar ragon da aka gama feɗewa. Da ta gan ni ta ƙifta fitilarta ɗaya mai rai.

Na yi sallama na ce motar gidanmu ce. Ungulu ba ta musa ba. Ta ce ita ba ruwanta da ta wa ce, duk abin da ba shi da mai magana a kansa nauyinsa ake biya.

"In kina da bakin magana, Malama, ja ta kara, kasuwar shanu. Ba a saye ta ba kafin la'asar, tawa ce."

Na ɗaura mata igiya a bamba na ja. Ta biyo ni tana ɗingishi. A bayanmu wasu mutane na naɗe titin kamar tabarma, wai za a kai wa wani gari aro. Tsatsa na tsattsafowa daga ƙasa tana tashi sama, manoma sun kife ƙwarya suna tara. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai ban sa takalmin fita ba.

Sai ga mu a kara. Kara ce sosai, da turaku da kwamin ruwa, sai dai babu saniya ko ɗaya. Tsofaffin motoci ne kwance a inuwa suna tuƙa kamar shanu, Landiroba, a-kori-kura, da ƙananan nan masu kama da kunkuru. Dukkansu daga bakin guduma aka ƙwato su, ba wadda aka taɓa gyara wa jiki sai ɗaya.

Dillaliyar hawainiya ce. Na ga dacewar haka, don ido ɗaya a kan mai sayarwa yake, ɗayan a kan mai saye. Ta buɗe bonet ta duba haƙoran Fijo, ta shinshina kujera, ta lallaɓa ta zagaya ta sau biyu. Sannan ta tambaye ni ko an taɓa kai ta wurin masu buga jiki ko masu fenti. Na ji kunya na ce a'a, Malam bai yarda ba, ni kuma ban samu hali ba. Ta ce madalla, ashe gidan masu hankali ta fito.

Ta nuna mini wata Marsandi a can gefe, sai sheƙi take, an cike mata ko'ina an shafe. Tun safe ake zagayawa da ita ba wanda ya taya. Duk wanda ya tambaye ta daga ina take sai ta yi ham sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Hawainiya ta ce jikokin mai ita ne suka yi mata gata.

Daga nan ta yi mini bayanin ƙa'idar kasuwa. A nan ba inji ake saye ba, ba kuma taya ba. Kowace lotsewa, kowane tabo, sai an samu wanda ya san yadda aka yi ya faɗa a gaban mai saye. Tabo ɗaya ya rasa mai magana, ciniki ya lalace, mota ta koma sikeli. Ta ƙara da cewa, kamar wadda ke faɗin farashin gishiri, labarin da aka faɗa ya bi mota ke nan. Mai sayarwa ba ya komawa gida da shi.

Na ce wannan ai ba ciniki ba ne, fashi ne. Ta ce in an sayar da saniya ana riƙe nonon?

Mai sayen wata yarinyar mace ce da tsohon ciki, sunanta Zulai. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce daga wani gari take da aka gama ginawa shekaranjiya. Komai nasu sabo ne, ko ƙofa mai ƙara babu.

"Inna, ɗan nan zai zo ya ce in ba shi labari. Ni kuma ba abin da ya taɓa faruwa a garinmu."

Ita da hawainiya suka haɗa hannu a ƙarƙashin mayafi, yadda fatake ke yi. A ƙasar nan ba da kuɗi ake biya ba, da safiya ake biya, irin safiyar da mutum zai tashi gwiwa ba ta ciwo. Zulai ta taya, hawainiya ta ce albarka. Ta ƙara, aka sake ce mata albarka. Ni dai ban sa baki ba, ko da yake kayan biyan sun ba ni sha'awa.

Aka ce in fara. Na dafa madigadin hagu na ba da labarin saniyar da ta fito daga cikin dawa a hanyar Rano, da yadda mai ita ya zo da faɗa ya ƙare da ba mu ƙwaryar nono. Ina rufe baki na duba wurin, sai na ga lotsewa kawai. Na nemi launin saniyar a kaina, babu. Zulai kuwa tana dariya, ta ce ja ce mai farin goshi.

Na ci gaba. Tsagewar gilashin gaba, tsakuwar da tifa ta harbo. Tabon kujerar baya, matar wani manomi da muka ɗauko za mu kai asibiti ta haihu kafin mu kai kwalta. Hannun ƙofar da aka ɗaure da waya. Duk wanda na faɗa sai in ji kaina ya yi sakayau, kamar ɗakin da ake kwashe wa kaya. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na daɗe ina zargin wanda ya fara faɗin haka bai yi wata bara ta kirki ba.

Saura ɗaya, babbar lotsewar da ke bayan but. Na ce wannan kowa ya sani, tsamiya ce, a wuce. Hawainiya ta juyo da idanunta duka biyu kaina, abin da ban ga ta yi wa kowa ba. Ta ce tsamiya ba ta tafiya. Na waiga, ga ungulu ta iso bakin kara ta jingina da gudumarta, ladan kuma yana gyaran murya.

Wannan labarin mu biyu muka san shi, ɗayan yana ƙasa. In na yi shiru zan riƙe shi, a farfasa motar in ji ƙarar. In na faɗa, motar ta tsira, ni kuma in zama ban san abin da ya fi kome daɗi a aurena ba. Na dubi cikin Zulai. Na tuna shekaruna. Ko na riƙe, kwana nawa zan riƙe, kuma wa zan bar wa?

Na ce ni ce. Wata Juma'a, ina da shekara ashirin da shida, Malam ya tafi masallaci a ƙafa ya bar makulli a aljihun wata riga. Na daɗe ina kallon ƙafafunsa in yana tuƙi, na kuma tabbata ba wani asiri a ciki. Na tayar da ita lafiya lau. Giyar ce ban karanta daidai ba, maimakon gaba ta yi baya. Ya dawo ya same ni zaune a ciki, hannu a sitiyari, ganyen tsamiya na zubo mini. Ga mutane, abin da ya ce kawai shi ne an ci karo da tsamiya, bai ce wa ba. Shekara da shekaru abokansa na tsokanarsa, wai malamin gona har itace yake bi da mota, yana dariya. Bai taɓa bari a buga wurin ba.

Hawainiya ta ce da saura. Me ya ce miki, da ya leƙo ta taga?

Na faɗa musu. Motoci suka daina tuƙa. Zulai ta dafa cikinta ta maimaita maganar a hankali, kamar mai hadda. Ungulu ta saɓa guduma ta juya. Hawainiya ta ce an sallama, ta karɓi igiyar daga hannuna ta miƙa wa yarinyar.

Sai famfon tsakar gida ya fara tari yana tofar da iska, alamar an kawo ruwa. Na buɗe ido, gari ya waye.

Ban tashi tara ruwan ba. Na kwanta ina duba kayana ɗaya bayan ɗaya. Saniya tana nan, ja mai farin goshi. Matar manomi tana nan da jaririnta. Ga Juma'ar, ga tsamiya, ga Malam ya sunkuyo ta taga da darduma a kafaɗa, bakinsa yana motsi. Abin da ya ce ne na nema na rasa. Na san in na gaya wa Nafi'u zai ce tsufa ne, wataƙila ma da gaskiyarsa. Har yanzu dai da nake rubutun nan ina kallon bakin, ban ji komai ba.