Shuɗin Fenti a Hannun Barhum

A kantar gidan shayin da suke haɗuwa a Tunis akwai wata tsohuwar kwalbar zaitun, kuma duk jarumin da ya mutu a wasan labarin yaƙi da suke yi a tebur, ciki ake jefa ɗan mutum-mutuminsa, ba a ƙara fito da shi. Durra mai jan wasan ce ta kafa dokar, ita kuwa ba ta san alfarma ba, ko uwarta ce ta roƙa.

Yau Rim ba abin da take kallo sai kwalbar nan. Barhum, jarumin da take wasa da shi, mayaƙin yayanta Skandar ne. Shi ya ƙirƙiro shi, shi ya shafa masa fenti, har shatin babban yatsansa ya bushe a gindin mutum-mutumin. Tun da hatsarin mota ya ɗauke Skandar bara, ita ta gaji kujerarsa. Ga Barhum yanzu a tsakiyar gada, jini ya kusa ƙare masa, dodo ya tare gaba.

"Kun hau sabon mataki kafin a gwabza," in ji Durra, tana juya shayinta. "Rim, zaɓi. Ko ya ci gaba a mayaƙi zalla, ya ƙara sara ɗaya, ko ya tsoma hannu a sihiri, ya samu garkuwar tsafi, ƙarin saran ya wuce shi."

"Wane zaɓi kuma?" Marwan ya yi caraf. Shi ne aminin marigayin, kuma bakinsa ba ya hutawa. "Zalla mana! Mai fanni ɗaya shi ke kai wa ƙololuwa. Mai haɗin gambiza fa? Bai iya sara ba, bai iya tsafi ba, sai ɗanɗane kamar mai yawon biki. Kin manta yadda Skandar ke yi musu dariya?"

"Ban manta ba."

"To?"

"To saran nan biyu in bai kashe dodon ba fa? Duka ɗaya ya rage wa Barhum, Marwan. Kai za ka sa hannu a kwalba ka ciro min shi?"

"Gara ya mutu yadda mai shi ya gina shi."

Maganar ta soke ta, don ta san da gaskiya a ciki. Skandar mutum ne mai hanya ɗaya, a wasa da a rayuwa. Amma ta riga ta binne shi sau ɗaya, ba ta da ƙarfin na biyu.

"Sihiri," ta ce.

Marwan ya ture kofinsa har shayi ya fantsama. "Wallahi kin ɓata shi."

Aka shiga faɗa. Rim ta jefa ɗan lido mai fuska ashirin, Barhum ya kai sara ya samu, dodon ya yi tangal-tangal amma bai faɗi ba.

"Kin gani?" Marwan ya ce. "Da da na biyu, da yanzu an gama."

Ba mamaki haka ne. Durra ta ɗauki nata ɗan lidon don ramuwar dodon. Ba ta jefawa a ɓoye, a tsakiyar tebur take yi kowa ya shaida. Ya gangara, ya bugi farantin biredi, ya tsaya. Sha bakwai.

"Dodon ya same shi," in ji Durra, ta ɗan waiga wajen kwalbar.

"Garkuwa!" Muryar Rim ta fito da ƙarfi har mai shayin ya leƙo. "Ya ɗaga hannun hagu, garkuwar tsafi."

Durra ta yi lissafi da yatsu, a hankali kamar da gayya. "Da ƙyar. Ƙahon dodon ya goce."

Marwan, da fushinsa da komai, ya sa nasa jarumin, maharbi, ya ƙarasa dodon da kibiya, bai ko dube ta ba.

Tana shirin yin dariya Durra ta buɗe jaka, ta ajiye mata ɗan buroshi da kwalbar shuɗin fenti. Rim ta manta da wannan dokar sam. Duk wanda ya taɓa sihiri sai an shafa wa hannunsa shuɗi, don tebur ya san ko shi wane ne.

Ta ɗauki Barhum. Jan fentin Skandar ne a hannun, ya ɗan zarce layi kamar yadda ya saba, don bai taɓa haƙurin jira ya bushe ba. Ta tsoma buroshin, amma ta kasa shafawa. Ta ceci Barhum, amma daga yau ba na yayanta ba ne, kuma ita ta yi hakan da bakinta.

Marwan ya miƙo hannu ya riƙe mata gindin mutum-mutumin, ya rufe shatin yatsan da nasa yatsan.

"Shafa, 'yar'uwa," ya ce. "Amma kar ki bari ya taɓa nan."