Kwale-kwale a Bangon Coci

Zaharaddeen yana tsaye bisa durom yana gyara kumfar ruwa da bakin burushi sai ya ji takun dattawa sun shigo. Bai waiwaya ba. Ya taɓa jin cewa manyan masu zane ba su waiwaye, don haka ya ƙara ɗiga farin fenti a inda babu buƙata, ya karkata kai kamar mai sauraron wata murya daga cikin bangon. Gaskiyar magana, ƙafarsa ce ta yi tsami, kuma durom ɗin rawa yake yi.

A Yelwa kowa ya san shi da Zahar mai fenti. Shi ya zana kifin da ke ƙofar rumfunan masu banda, shi ya zana kawunan da ke allunan masu aski, waɗanda duk fuskarsu ɗaya ce, gashin ne kawai ke canzawa. Amma shi a ransa ya wuce mai fenti. Ya yi karatun zane a kwaleji, ya ga aikin manya a littattafai, kuma duk ranar da ya koma gida da fenti a gemu yakan ce wa matarsa Yasira mutanen garin nan ba su san fasaha ba. Ita kuwa sai ta ce Allah ya sa su sani, ta miƙa masa kananzir ya goge hannu.

Aikin nan Andrew ne ya kawo masa, abokinsa tun suna sakandare, wanda yanzu shi ne sakataren wata ƙaramar coci a wani ƙauyen bakin ruwa kusa da Wara. Kwanon rufi ya ɓule, ruwan damina ya bi bangon gaba ya cinye tsohon zanen da ke wurin tun kafin a haife su: Yesu tsaye cikin jirgi ya ɗaga hannu, mabiyansa a firgice, iska na kaɗawa. Tun ranar farko Zaharaddeen ya faɗi gaskiya.

"Ka san ni musulmi ne. Ba zan zana siffar Annabi Isa ba."

"Kai dai zana ruwan da jirgin," in ji Andrew. "Dattawa ka bar ni da su."

Bai taɓa samun bango mai faɗi haka ba, don haka bai sake tambaya ba. Ya zuba ruwa shuɗi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sa kwale-kwale ɗaya a tsakiya, ba kowa ciki, ya rubuta sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe yadda ko mai ciwon ido zai gani.

"Sannu da aiki, malam."

Baba Yusha'u ne, shugaban dattawan, tsohon masunci da ya ajiye komar kamun kifi saboda ciwon baya. Mutum biyu na biye da shi, sai Andrew can baya.

"Yawwa, Baba. Sannunku da zuwa."

"Kai, ruwan nan ya yi. Har sanyi na ji. Yaushe za ka sa mutanen?"

"Ai an gama, Baba."

Tsohon ya dubi bangon, ya dubi Andrew. Andrew ya tsunduma cikin wayarsa kamar an aiko masa da labarin rasuwa.

"An gama? To ina Yesu?"

Zaharaddeen ya sauko daga durom, ya gyara murya. Ya ce zanen da daban, na zamani daban. Na da yana ba ido komai har zuciya ta rasa aikin yi, na zamani kuwa yana barin gurbi domin ruhi ya shiga. Ya ce rashin abu ma wani abu ne. Yana magana yana jin muryar wani malaminsu na kwaleji tana fita daga bakinsa, kuma ya tuna sarai cewa a ajin mutumin barci yake yi. Duk da haka bai tsaya ba, har da nuna sama da burushi, fenti ya ɗigo masa a goshi.

Baba Yusha'u ya saurare shi har ƙarshe, da haƙurin wanda ya saba jiran kifi.

"To ruhin nan in ya shiga, mu za mu gan shi?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Baba Yusha'u ya ce, "Malam, ba mu ce ka saɓa wa addininka ba, Allah ya kiyaye. Laifin wancan ne da bai faɗa mana ba. Wanda ya yi na da ma ba gwani ba ne, hannun ya fi ƙafar tsawo. Amma in hadari ya taso maza na kan ruwa, nan mata ke zuwa su zauna su kalli hannun nan. Yanzu su kalli me?"

Zaharaddeen ya goge fentin da ke goshinsa. Aka yanke cewa ya shafe bangon da fari kafin yamma, a rataya babban hoton Yesu na roba da matasa suka bugo da kwamfuta a Yelwa lokacin Ista, har a sami wanda zai yi irin na da. Ya san shagon da aka buga shi. Shagon ne ya kwashe masa rabin masu askinsa.

Azahar ta yi. Ya gangara bakin ruwa ya yi alwala, ya shimfiɗa ƙyallen goge hannu ƙarƙashin mangwaro ya ta da salla. Tun daga kabbara yake shirya amsoshin da ya kamata ya ba Baba Yusha'u, kowace ta fi ta baya kaifi, har ya rasa a raka'a ta nawa yake, sai da ya yi sujadar rafkanuwa. Da ya sallame ya zauna yana kallon tafin hannunsa. Mutumin da ya gama yi wa dattawa wa'azin ruhi ke nan, nasa ya kasa tsayawa wuri ɗaya na ɗan lokacin salla.

Ya koma da bokitin farin fenti. Cocin ba kowa sai wata tsohuwa a bencin gaba, tsintsiya bisa cinyarta. Tamada ce, mai share wurin. Kullum takan zo bayan ya tashi, ba su taɓa haɗuwa ba, ita kuma ba ta taɓa ganin zanen da hasken rana ba.

"Inna, ki ɗan matsa baya kada fenti ya ɓata miki zani."

Ba ta motsa ba.

"Wa ya faɗa maka?"

"Me, Inna?"

"Jirgin Iliya ne."

Ta miƙe da ƙyar, ta matso, ta ɗora yatsa a goshin kwale-kwalen, inda ya zana wani faci na gwangwani da koriyar igiya. Ta ce Iliya ɗanta ne, shi ya buga facin nan da hannunsa. Wata damina ya fita kamun kifi, iska ta taso, washegari ruwa ya turo jirgin bakin gaɓa shi kaɗai. An nema har aka gaji, ba a ga ko rigarsa ba. Tun daga nan ba wanda ya hau shi, kuma ta hana a sayar.

"Wa ya faɗa maka ka zana shi?" ta sake tambaya.

Kalmar ilhama ta zo masa har bakin harshe, kuma ya san za ta yi daɗin faɗi a Yelwa. Amma ya tuna safiyar da ya je bakin ruwa da takarda da fensir. Duk jirgin da ya fara zanawa sai mai shi ya zo ya kwance ya tafi, ya bar shi da rabin zane yana tsaki.

"Ba wanda ya faɗa mini, Inna. Sauran duk fita suke yi. Shi kaɗai ne ba ya zuwa ko'ina."

"Eh," ta ce. "Ba ya zuwa ko'ina."

Can waje wani injin jirgi ya tashi ya yi nisa.

"Amma kai ka sa shi tsakiyar ruwa," ta ce a hankali. "Kuma ruwan ya kwanta. Tun ranar ban sake ganinsa a kan ruwa ba."

Zaharaddeen ya ajiye bokitin. Ya ce in za ta kwatanta masa Iliya, zai iya gwada sa shi a ciki. Yana faɗa yana roƙon Allah a zuciya kada ta yarda, don ya san irin fuskar da hannunsa ya iya.

"A'a, ɗana. In ka sa wani, ba shi ba ne. Bar shi haka."

Nan Baba Yusha'u da Andrew suka same su, sun ɗauko hoton robar a naɗe kamar tabarma.

"Af, malam, ba ka fara ba?" in ji Baba Yusha'u.

"Ba za a shafe ba, Baban Grace," in ji Tamada.

"Tamada, coci ba ta mutum ɗaya ba ce. Ranar Lahadi jama'a za su zo."

"Su kalli naku. Ni ban hana ba. Dubi goshin jirgin nan."

Tsohon ya matsa kusa, ya runtse ido. Ya daɗe a tsaye. Yana cikin waɗanda suka yi ta zagaya ruwa suna neman yaron.

"Ikon Allah," ya ce. "Da safe ina ta neman wanda ba a zana ba, ban dubi wanda aka zana ba." Ya shafa gemu, ya juya ga Zaharaddeen. "To a rataya a kai. Kada a shafa farin."

Aka warware hoton. Launinsa har ɗaukar ido yake, gajimare kamar auduga, kowane yatsa a inda ya dace. Zaharaddeen ya duba da kyau ko zai sami aibin da zai huce da shi, bai samu ba. Kwamfutar ta fi shi iya hannu, ta fi shi iya fuska nesa ba kusa ba. Shi da kansa ya sake hawa durom ya buga ƙusoshin sama, Andrew na riƙe masa. Robar ta sauko ta rufe ruwan, ta rufe jirgin, ta rufe sunansa da manyan baƙaƙensa.

Andrew ya miƙo masa ƙusoshin ƙasa.

"Bar su," in ji Zaharaddeen.

Ya fita ya samo wata siririyar gora, ya naɗe ta a bakin robar na ƙasa, ya ɗaure da zare.

"Inna, zo ki gwada. Ki kama nan ki ɗaga."

Ta kama gorar da hannu biyu ta ɗaga har daidai kanta. Hasken la'asar ya shigo ta taga ya faɗa kan shuɗin ruwan. Ta leƙa ƙarƙashi kamar mai leƙa ɗaki don ta ga ko yaro ya yi barci, ta daɗe tana kallo, sannan ta sauke a hankali ta daidaita gefen da tafin hannu.

Zaharaddeen ya tsaya da guduma a hannu, yana jiran abin da za ta ce masa. Ya riga ya shirya yadda zai sunkuyar da kai ya ce ba komai, Allah ne ya yi.

Tamada ta ɗauki tsintsiyarta, ta dubi ɓarɓashin siminti da busasshen fentin da ya tara a ƙasa.

"Ɗaga ƙafarka, ɗana."

Ya ɗaga.