Sunan da Barira Ba Ta Kira Ba

Shekara goma sha tara Barira ta yi da Nafi'u, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma a ƙauyensu na gefen Badaguishiri uwa ba ta wannan rashin kunya. In za ta aike shi, sai ta dubi bango ta ce, "Wancan shi ɗebo ruwa." Amma in mijinta Jibo ya ƙwala kira daga garkar albasarsu, "Nafi'u!", daɗi har cikin ranta, ta ci gaba da daka kamar ba ta ji ba.

Yaron ya shiga soja da kaka. Bayan wata bakwai aka aiko an kai musu hari can wajen iyakar Mali. Can aka rufe shi, ko hularsa ba ta dawo gida ba.

Mutane kuwa, da tausayinsu mai ban haushi, suka ɓoye sunan. Jibo ya koma cewa "marigayi". Ƙannensa in sun hango ta sai su yi tsit. Su a ganinsu sauƙi suke mata. Ita kuwa kewa ke cinta: sunan nan a bakin wasu ta saba jinsa, yanzu ba mai faɗa, kuma ba abin da za ta roƙa ba ne.

Wata ranar kasuwa ta je sayen gishiri, sai ta ji an ce, "Nafi'u, zo ka auna!" Saura kaɗan ƙwaryarta ta faɗi. Wani gajere ne mai tumbi a rumfar albasa, ko kusa bai yi kama da ɗanta ba. Duk da haka kowane mako tana nan gefensa tana latsa albasa, ita da ke da ita jibge a gida, tana jiran a kira shi.

Ran nan kasuwa ba ta ci ba. Har la'asar ba wanda ya neme shi, ya fara ɗaure buhuna. Barira ta waiga, ba ɗan garinsu kusa. Ta matsa kusa da shi ta ce, "Nafi'u."

"Na'am, Inna. Ta nawa za a zuba maki?"

"Ba albasa niz zo saye ba," in ji ta. "Bari in sake kira, kai dai ka amsa."