Zakaran Baƙon Rahamatu

A shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, aka ɗauki Rahamatu koyarwa a Roni, amma da sharaɗi: sai sufeto ya zo daga Kazaure ya ga yadda take riƙe aji. Ranar Litinin zai zo. Ranar Lahadi da hantsi mararta ta fara murɗawa.

Ta san ciwon nan farin sani. Duk wata sai ya kayar da ita, tana juyi a tabarma har da amai. A haka za ta tsaya gaban allo? Tsoro ya kama ta sosai.

Mijinta Lado, mai fataucin shanu, ya leƙo ya gan ta a dunƙule. Auren ko wata bai rufa ba, kunya ta hana ta kiran abu da sunansa.

"Malam, baƙona ne ke tafe," ta ce, ido a ƙasa.

"Ashe yau muna da manya!"

Bawan Allah, Hausar kasuwar shanu ya iya, ban da ta mata. Ya ɗauka sufeton ne ya yi sammako. Ya share zaure, ya yanka zakaran da yake ji da shi, ya ba maƙwabciya ta ɗora, ya zuba babbar riga ya zauna jira.

A haka yayarsa Adda Shatu, ungozoma a asibiti, ta same shi. Da ta ji bayani, dariya har da riƙe bango.

"Allah ya shirye ka, Lado! Baƙon wata take nufi."

Ta shiga ɗaki ta ciro asfirin daga jaka.

"Ƙanwata, daure wannan ciwo ba jarumta ba ce. Ƙwayar nan tana kwantar da murɗar mara. Da kin ji motsinsa ki sha, ki tare shi tun yana zaure. Amma ba a shan ta da yunwa, tana cin ciki. Me kuka dafa?"

Ƙamshin farfesu ne ya amsa mata daga tsakar gida.

Rahamatu ta ci ta ƙoshi, ta sha magani. Washegari ta tsaya ƙyam gaban allo, ciwon yana can nesa-nesa, ta koyar da baƙaƙe har sufeto ya gyaɗa kai ya ce aiki ya zama nata.

Ta dawo gida da murna, sai ga sabon zakara ɗaure a gindin turmi.

"Na wata mai zuwa ne," in ji Lado, yana sosa ƙeya. "Baƙon da ke sa ki kuka, gara ya tarar da mu a shirye."