Wasiƙar Zabeirou ga Madam Orvanne

Kafin Zabeirou ya zo Greensboro, shekara tara ya yi a gindin wata bishiya a ƙofar gidan waya na Maradi, da ɗan tebur da keken rubutu, yana rubuta wa mutane wasiƙa. Mai neman aiki, mai ƙarar maƙwabci, matar da miji ya tafi Abijan ya yi shiru, duk wurinsa suke zuwa. Kuma mutumin akwai cika baki. Ba a raba shi da cewa bai taɓa rubuta wasiƙar da ta faɗi ƙasa banza ba. In ka tambaye shi asirin, sai ya gyara zama ya ce ba Faransanci ba ne asirin. Kafin ka ɗora alƙalami, in ji shi, ka fara gano inda mai karantawa yake da ciwo, sannan ka danna wurin a hankali. Har ya zo Amirka bai daina wannan magana ba.

A nan yana aiki ne a wata masaƙa kan hanyar Pleasant Garden, inda ake saƙa madauri, irin faffaɗan nan mai ƙarfi da ake ɗinka wa jakar baya. Masaƙar ta wata tsohuwa ce Bafaransa, Madam Orvanne, wadda ke zaune a ƙasarta, sai sau ɗaya a shekara take leƙo su. Ma'aikata tamanin da 'yan kai ne, goma sha ɗaya daga cikinsu 'yan Nijar, kuma Zabeirou ne ya jawo su ɗaya bayan ɗaya. Shi ke fassara takardun injuna da ake aikowa daga Faransa, shi ya sa kamfanin ya tsaya masa wajen neman takardar zama. Dosiyensa, wato takardun neman zaman, ya shekara biyu a hannun hukuma, lauyarsa ta ce in dai kamfanin yana tsaye, kafin ƙarshen shekara zai fito. Da ya fito zai ɗauko matarsa Hamsatou da 'yarsa Dalila, wadda aka haifa wata uku bayan tafiyarsa. Shekararta shida, ubanta bai taɓa ɗaukar ta ba, sai dai hotonta.

A watan Maris na 2003 Amirka ta shiga Iraƙi. 'Yan Nijar suka riƙa taruwa bayan sun tashi daga aiki a kantin Alhaji Maazou, dattijonsu a gabashin gari, suna kallon talabijin tsakanin buhunan gero da katin waya, kowa ransa a ɓace. Ba a yi wata guda ba manajan masaƙar ya tara su yana fara'a, wai an samu babbar kwangila daga masu ɗinka wa soja jaka, kowa zai samu obataim, wato ƙarin awa da ƙarin kuɗi. Washegari zaren da ke kan injuna ya canza. Ja da shuɗi suka ɓace, komai ya koma launin rairayi.

Ranar wata Juma'a bayan salla, Adamou, mai kula da inji na huɗu, ya ce shi fa abinci ya daina yi masa daɗi. Da rana ya saƙa abin, da yamma ya gan shi a talabijin a kafaɗar soja yana dukan ƙofar mutane da ƙafa. Alhaji Maazou ya saurare shi har ya gama, sannan ya juya ga Zabeirou.

"Malam Zabeirou, ina alƙalamin nan da kake cika mana kunne da shi? Ko ya tsaya a Maradi ne?"

Aka yi dariya. Abin da suka nema bai taka kara ya karya ba: tsohuwar ta ƙi wannan kwangila ɗaya, in ba ta iya ba, a mayar da su ɓangaren jakar 'yan makaranta. Shi ke nan. Zabeirou ya ce a bar shi da ita.

Ai kuwa ya san inda ciwon yake. A zauren shiga masaƙar akwai hoton wani saurayi da kayan soja. Duk zuwan da Madam Orvanne take yi sai ta tsaya gabansa ta gyara shi da hannunta, ko da bai karkace ba. Sakatariya ta taɓa gaya masa ƙanen Madam ne, an kai shi yaƙin Aljeriya yana da shekara ashirin, bai dawo ba. Zabeirou ya yi kwana uku kan wasiƙar, shafi biyu da rabi. Bai zagi kowa ba, bai ambaci addini ba. Ya ce mata kullum da safe yana wucewa ta gaban hoton ƙanenta, kuma yana tambayar kansa wa ya saƙa madaurin jakar da yaron ya goya zuwa ƙasar da ba tasa ba, ko mai saƙar ya yi barci lafiya. Da ya karanta wa mutanensa da Hausa, Adamou ya share ido, Alhaji ya ce lallai mutumin nan ba ƙarya yake ba. Duk suka sa hannu, sunansa a sama.

Zabeirou ya ji daɗin kansa ƙwarai a makonnin nan. Ya kira Hamsatou ya ce kada ta wahalar da kanta da rubuta Dalila a lakkwal, makarantar boko, bana, a nan za ta fara. Ita kuma ta ce ta ma samu wadda za ta sayi keken ɗinkinta, sun yi magana sai bayan damina.

A tsakiyar Yuni tsohuwar ta iso ba sanarwa. Da azahar aka kashe injuna, abin da ba a yi sai wuta ta ɗauke, aka tara kowa a ɗakin cin abinci. Manaja na tsaye a gefe, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Madam Orvanne tana jin Turanci sarai, amma ta ce yau da harshenta za ta yi magana, ta kira shi da Faransanci, Mushe Zabeirou, ya zo ya fassara. Ya fito yana gyara wuyan riga, yana satar kallon Adamou.

Ta ciro takarda daga jakarta, sai ya gane rubutunsa. Ta karanta wurin da ya yi maganar hoton, ta dakata. Dole ya juya maganarsa da bakinsa zuwa Turanci, gaban mutum tamanin. Har nan bai ji tsoro ba.

Sai ta ninke takardar ta ce tun da ta karanta ta ba ta samu sukuni ba. Ta soke kwangilar. Amma ta zauna da mutanenta sun duba, sun ga ko ta soke, dillalai za su sayi madaurinta su kai wa masu ɗinkin, hanya ɗaya ce. Saboda haka muddin ƙasar nan tana cikin ƙasar wasu da bindiga, ba za a ƙara saƙa ko taƙi ɗaya da sunan gidansu a cikinta ba. Ƙarshen Agusta za a rufe masaƙar, injuna su hau jirgin ruwa su koma gida.

Zabeirou ya tsaya. Ta dube shi tana jira. Ya faɗa da Turanci, ba a ji ba, wani daga baya ya ce ya ɗaga murya, ya sake faɗa.

Ba wanda ya yi ihu. Wata mata baƙar fata, Loretta, wadda ta shekara ashirin da biyu a wurin, kuma ɗanta na cikin sojan da aka tura, ta taso a hankali ta tsaya gabansa.

"Kai ka rubuta?"

Ya ce shi ne.

"Ni ma ba na son yaƙin nan," in ji ta. "Ɗana ke can, ba naka ba. Da ka tambaye ni kafin ka rubuta."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Wannan magana ta fi zagi ciwo, don gaskiya ce: ko sau ɗaya bai tuna da sauran mutum saba'in ba lokacin da yake zaɓen kalmominsa masu daɗi.

Da yamma ya samu tsohuwar a ofis. Ta tashi ta kama hannunsa da hannu biyu, ta ce shekara arba'in ba wanda ya yi mata maganar ƙanenta kamar yadda ya yi. Ya ce Madam, ba haka muka roƙa ba, kwangila ɗaya muka ce. Ta ce ta sani, amma shi ya nuna mata abin, kuma ba ta iya yin kamar ba ta gani ba. Sai ya gaya mata maganar dosiyensa, da Hamsatou, da yarinyar. Da gani ba ta san da zancen ba. Ta kira lauyan kamfani a waya a gabansa, ta saurara, ta ajiye. Ta ce za ta rubuta masa takardar shaida mai kyau, kowa kuma za a sallame shi da haƙƙinsa. Ya jira ko za ta ce wani abu bayan wannan, ba ta ce ba. Ya tsani matar a lokacin, kuma abin haushin, ya kasa cewa ba ta da gaskiya.

Lauyarsa tana da ofis a bene na uku kan titin Elm. Ba ta ɓoye masa komai ba. Dosiyen a jikin kamfanin yake, in kamfanin ya tafi ya mutu. In ya samu wani mai aikin da zai tsaya masa, sai a fara daga farko. Ya tambaya shekara nawa. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ta faɗi lamba ba, tun da abubuwa suka canza komai tafiyar hawainiya yake yi. Ya sauko ya zauna a tashar bas, motarsu ta zo ta wuce sau biyu bai tashi ba.

A kantin Alhaji Maazou ba wanda ya ce masa kai ka jawo. Da ma sun faɗa, da ya fi masa sauƙi. Sai dai in ya shigo hira ta koma ta farashin mai. Adamou ya samu aikin yankan kaji a wani gari, ya tafi bai yi masa sallama ba. Alhaji kaɗai ya ja shi gefe wata rana.

"Ɗana, mu muka sa ka, kuma duk mun sa hannu. In kana iyawa, ka sake rubuta mata, ko Allah ya sa ta sauko."

Ya rubuta. Ya nemi wani ciwon da zai danna, ya sa Loretta, ya sa 'ya'yan Adamou, ya sa Dalila. Wasiƙar ta fi ta farko kyau, shi kansa ya sani. Amsa ta zo cikin kwana goma, layi biyar da rubutun hannu: ta yi kuka da ta karanta, tana roƙonsa gafara, injuna sun riga sun samu jirgi. Wannan ce wasiƙarsa ta farko da ta faɗi ƙasa banza.

Ranar ƙarshe ya taya aka kwance inji na huɗu, shi ke karanta wa masu kwancewa takardar Faransanci. Aka cire hoton saurayin daga zaure aka naɗe shi da bargo, wurin ya bar alama mai kusurwa huɗu a bango.

Saura Hamsatou. Sau uku ya sayi katin waya, sau uku suna gaisawa ya kasa. A na ukun ta ce damina ta kusa ƙarewa, mai sayen keken za ta zo ranar Lahadi, ta kuma yi wa Dalila ɗinkin shiga jirgi, yarinyar kullum sai ta ce a fito da shi ta gani. Ya ce madalla, katin ya ƙare.

Ranar Juma'a ya zauna a bayan kantin Alhaji da takarda, don akwai na'urar fas a wurin, ana aikawa ta isa Maradi a ranar. Hamsatou ba ta karatun boko. Ya san za ta kai takardar ƙofar gidan waya, wurin Mamane, wanda ya gaji teburinsa, kuma Mamane da ƙarfi yake karatu, duk wanda ke gindin bishiyar zai ji. Ya san yadda ake irin wannan wasiƙa, ya yi wa mazaje da yawa: a fara da doguwar gaisuwa, a ɗora wa hukuma laifi, a ce nan ba da daɗewa ba. Ya cika shafi guda da haka, ya karanta, ya ga ta yi kyau. Ya yayyaga ta.

Wadda ya miƙa wa Alhaji ba ta kai rabin shafi ba. Dattijon ya duba, ya dube shi, ya ce ko gaisuwa ba ka sa ba. Zabeirou ya ce a aika haka. Na'urar ta ja takardar a hankali, yana tsaye yana kallon layukan suna shigewa:

"Hamsatou, kada ki sayar da keken. Ki rubuta Dalila a lakkwal. Ba bana ba ne, kuma ban san yaushe ba. Ba hukuma ba ce, ni ne na rubuta wata wasiƙa."