Koren Ruwa a Gorar Lemo

Duk layin ba mai ce masa tela, Injiniya ake kiran sa, kuma shi kaɗai ne bai gane tsiya ake masa ba. Tun ranar da keken ɗinkinsa ya tsaya, ya kwance shi ya mayar, abin ya tashi da ragowar kusoshi a tafin hannunsa, shi ke nan kai ya kumbura. Fanka, dutsen guga, famfon banɗaki, ba wanda ya tsira. Yau kuma abin ya biyo ta kan mota.

A wani bidiyo a waya ya ga wani mai gemu ya juye ruwan lagireto ya zuba sabo yana murmushi, ko gumi bai yi ba. Injiniya ya ce ashe wannan ne abin da bakanike ke ja wa mutane aji a kai? Ranar Asabar da hantsi ya ɗaga bonet a tsakar gida, ya jera filaya da mazurari da sabuwar jarkar ruwan sanyaya inji, ya tuɓe riga ya bar singileti.

Matarsa ta leƙo daga kicin.

“Abban Barkono, don Allah wannan motar ita kaɗai ta rage mai lafiya a gidan nan.”

“Madam, koma ki ji da tukunyarki. Maza na aiki.”

“Haka ka ce ranar dutsen guga.”

“Dutsen guga dama ajalinsa ya yi.”

Inna, mahaifiyarsa, tana kan tabarma a inuwar katanga tana jan carbi. Ta bi shi da kallo irin na wadda ta san abin da ta haifa. Kusa da ita Barkono ce, 'yarsu ɗaya tilo, wadda ba ta daɗe da shiga makarantar yara ba. 'Yar mitsitsiya, ga tsiwa, shi ya sa sunan ya bi ta.

Gaskiya dai ya fara da kyau. Injin a sanyaye yake tun jiya. Ya buɗe murfin lagireto, ya kwanta ya lalubo 'yar toshiyar roba da ke gindinsa, ya murɗa. Ruwa ya tsinke cikin robar da ya tara, kore shar, har da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi.

“Innalillahi! Robar wankin kayan yarinyar ka ɗauka?” Madam ta fito da ludayi a hannu. “Juye min ita yanzun nan.”

To ga inda gwanintar ta shigo. Mai gemun nan ya ja kunne, ya ce kada a kuskura a zubar da ruwan a ƙasa ko a kwata, zaƙi gare shi, kyanwa na lasa sai gawarta. Maƙwabciyarsu kuwa tana da kyanwa, kuma tana da baki. Injiniya ya ji daɗin kansa da ya tuna. Ya shiga kicin ya kwaso gorunan lemo daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke, waɗanda Madam ke wankewa tana zuba wa Barkono abin sha in za ta makaranta. Ya kafa mazurari ya ɗura, ya jera su a dakalin ƙofa. Ta ƙarshen ba ta da murfi. Ya ce bari ya gama ya nemo.

Ya koma ƙarƙashin mota. Ya saki ruwan famfo ta sama yana wanke lagireton, yana kallon tsatsa na fita, har da 'yar waƙarsa. Inna ta tashi ta shiga alwala.

Sai ya ji ana jan babban yatsan ƙafarsa.

“Abba.”

“Na'am, Hajiya Barkono, ina aiki.”

“Abba buɗe min waccan. Wannan ta ƙare.”

Bai san lokacin da ya fito ba. Goshinsa ya daki ƙarfe, bai ji ba. Tana tsaye, gorar a rungume a ƙirji da hannu biyu, gaban rigarta jiƙe da kore, haɓarta na ɗiga. A ƙasan gorar ɗan abin da ya rage bai kai kurɓi ba. A kan siminti kuma ga wani ya malale.

Ya fizge gorar. Ta ɓare baki.

“Kin sha? Barkono, kin sha? Tofar! Tofar mana!”

Ihun ya fito da Madam da Inna a tare. Madam ta kalli gorar, ta kalli rigar, ludayin ya faɗi.

“Me ka zuba a gorarta?”

Ya sa yatsa yana goge harshen yarinyar da gefen singileti, ita kuwa tana cizon sa.

“Kai, sakar min ƙawata, za ka tsorata ta,” in ji Inna. Ta dubi Madam. “'Yar nan, kawo madara. A ɗura mata madara ta amayar, shi ke nan. Ba ga ta nan garau ba? Kalli yadda take zagin ubanta.”

Garau ɗin take kuwa. Ta bar kuka, tana miƙa hannu wai a mayar mata da lemonta. Zuciyar Injiniya ta so ta yarda da Inna, wallahi ta so. Amma Madam ta riga ta ɗauki sabuwar jarkar tana karanta ƙananan rubutun da ke bayanta.

“An ce kada a sa ta amai. An ce a kai asibiti nan take, ko da ba a ga alama ba.” Ta ɗago. “Ko da ba a ga alama ba, Inna. Abban Barkono, ta da mota.”

Su duka suka juya suka kalli motar. Bonet a sama, lagireto wayam, ruwan famfo na zuba ta gindi kamar an huda bokiti.

Unguwar tasu sabuwa ce, kafin ka ga tasi sai ka taka har bakin babban titi, can ma sai da rabo. Maƙwabcin da ke da mota ya fita tun safe. Madam ta hau kiran waya, wannan a kashe, wancan yana can wani gari.

Injiniya ya faɗa ƙarƙashin mota neman toshiya. Babu. Ya shafa nan, ya shafa can, cikin ruwa da tsatsa. Abin da ya ajiye da hannunsa! Can ya hango ta ta gangara bayan taya. Ya ɗauko, ya murɗa ta hau a karkace, ya kwance, ya sake. Ya miƙe ya kama tuttula ruwa a lagireto, rabi ciki rabi a kan inji. Mai gemu ya ce a zuba a hankali, a bar inji ya yi ta aiki murfi a buɗe har iskar da ta maƙale ta fita. Wa ke da wannan lokacin? Da ya ga ruwa ya kawo wuya ya danna murfi, ya buga bonet.

“Ɗauko gorar,” in ji Madam daga kujerar baya, Barkono a cinyarta. “Da jarkar. Za su tambaya.”

Inna ta biyo su har ƙofa da kofin madara a hannu, ɗankwali a zame. “Allah ya tsare, Allah ya tsare. Kai, ka tuƙa a hankali!”

A hankali ina? Ya fita layin yana watsa tsakuwa.

Tun kafin su hau babban titi allurar zafi ta fara ɗagawa. Ya gan ta, ya ɗauke kai. Ya sake kallo, ta wuce tsakiya.

“Mama, hanya tana juyawa,” in ji Barkono, ta kuma sheƙe da dariya. Wata irin dariya ce sakaka, ba tata ba.

“Barkono, kalle ni. Waye wannan a gaba?”

“Inji… niya.”

Ran nan ne kaɗai aka kira shi haka ya ji kamar an soka masa almakashi.

A shataletale suka tarar da cunkoso. Wata babbar mota ta maƙale, kowa ya kutso kai, ba gaba ba baya. Ya danna hon ya ƙi saki. Ya leƙa ta taga yana ihu, “Mara lafiya! Yarinya ce! Ku ba da hanya don Allah!” Wani direba ya ɗaga masa hannu, wai ta ina, ta sama? Allura ta shiga ja. Ya tuna an ce in ka kunna hita mai ɗumama cikin mota tana rage wa inji zafi, ya murɗa har ƙarshe. Iska mai sanyi ta fito. Ko shi da iliminsa na waya ya san ma'anar wannan, ruwan ba ya zagayawa.

“Kada ki bar ta ta yi barci.”

“Tuƙa motarka,” in ji Madam. Ko kallon sa ba ta yi ba. Tana bubbuga kumatun yarinyar tana mata waƙar makarantarsu.

Hanya ta ɗan buɗe, ya kutsa ta gefen titi, taya ɗaya a kan dakali. Wani wari ya cika motar, kamar an manta tukunya a wuta. Inji ya fara ƙwanƙwasa. Tururi ya ɓullo ta gefen bonet, fari fat, ya rufe gilashi. Motar ta yi tari, ta yi tsalle, ta mutu a tsakiyar hanya. Daga nan ana hango saman ginin asibitin.

Bai ko zare makulli ba. Ya zagayo ya sunkuci Barkono ya saɓa a kafaɗa, ya zuba da gudu, daga shi sai singileti da silifa. Silifa ɗaya ya tsinke, ya bar shi nan. A bayansa ana ta hon ana zagi, Madam na biye da gora a hannu ɗaya jarka a ɗaya. Kan yarinyar na ta bugun wuyansa, laƙwas.

“Abba, za mu sayi alawa?”

“Za mu saya. Duk shagon zan saya miki. Ki dai yi ta magana.”

A sashen gaggawa wata nas ta karɓe ta, wata likita mai tabarau ta karɓi jarkar ta juya bayanta ta karanta.

“Yaushe ta sha?”

Madam ta faɗa.

“Kamar yaya yawan abin da ke cikin gorar?”

Duka suka zuba masa ido. Ya buɗe baki. Ita ce ta ƙarshe da ya ɗura, ragowar robar ce. Rabi? Ko bai kai ba? Ya tuna mazurarin, ya tuna yana tunanin kyanwar maƙwabciya, ya tuna yana jin kansa wani mai hankali. Amma inda ruwan ya tsaya a jikin gorar, ƙwaƙwalwarsa ta shafe shi tas.

“Likita… wani ya zube a ƙasa. Wani a rigarta.”

“Baban yarinya, nuna min da yatsa.”

Ya ɗora yatsa a tsakiyar gorar. Ya saukar. Ya sake ɗagawa.

“Ban sani ba,” ya ce. “Wallahi ban sani ba.”

“To za mu ɗauka ta sha da yawa.” Ta juya tana ba da umarni. Aka ɗebi jini, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka kawo maganin da za a sa a ciki. Barkono ta tsala ihu da allura ta shige ta, likitar ta ce madalla, gara mai ihu. Ta yi musu bayani a tsaye: wannan ruwan ba ya nuna mugun halinsa da wuri, ƙoda yake bi daga baya. Sun kyauta da ba su zauna jira a gida ba. Amma ba za ta ce musu komai ba sai an sake gwada jinin gobe.

Suka zauna a benci a baranda, tsakaninsu wurin zaman mutum guda. Wayarsa ta yi ta ruri. Inna ce, sai wani maƙwabci da ya ga motar an tura ta gefen titi, wai injin ya ƙone, a turo masa bakanike? Ya ce a bar ta nan.

“Madam…”

“Kada ka ce min komai.”

“Don kyanwa na yi. Don kada kyanwa ta…”

“Kyanwa.” Ta juyo ta dube shi, idanun jawur. “Ka tuna da kyanwar mutane. A gorar da nake sa mata a jaka kullum. Ita ta san wani lemo ne ba nata ba?”

Ya sunkuyar da kai. Ƙafarsa ɗaya ba takalmi, ta yi baƙi, babban yatsan na jini.

Washegari da hantsi likitar ta shigo ɗakin. Barkono na zaune a gado, hannu naɗe da filasta, tana faɗa da nas a kan an hana ta sauka. Inna na gefe da carbinta.

“Jinin ya yi kyau,” in ji likita. “Ƙodar na aiki. Za mu riƙe ta mu ƙara sa ido, amma hankalina ya kwanta.”

Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Madam ta kifa fuska a katifa, kafaɗunta na girgiza. Injiniya ya nemi bango ya jingina, ya sulale har ƙasa.

Sai can ya zabura.

“Inna! Sauran gorunan. Suna nan a dakali?”

“Na kulle su a ɗakinka, makullin na ƙuguna.” Ta harare shi. “Kuma ba kai zan ba ba.”

Ya matso bakin gadon a hankali, ya kai hannu zai gyara wa Barkono robar ƙarin ruwan da ta ɗan lanƙwashe. Madam ta riƙe wuyan hannunsa, ba tare da ta ɗago ba.

“Kira nas,” ta ce.

Ya fita kiran nas.