Gam Ɗin Takalma

Sau uku wata mai gwajin sinadarai ta ɗiga sinadarin gam ɗin nan a kan ƙwayoyin fatar da ake raino a ɗakin gwaji, sau uku amsar tana fitowa rabi da rabi. Bai kai mizanin da za a ce yana sa fata bori ba, bai kuma wanke kansa ba. Alhali ta ga hannun ƙanwarta, wadda ke shafa shi a masana'antar takalma, duk yatsun sun tsattsage.

"Ranka ya daɗe, mu sa shi cikin masu haɗari," ta ce wa shugabanta.

Ya ture takardar. "Hannun ƙanwarki kaɗai ba hujja ba ne, Malama. Kawo na mutum ashirin, da shaidar likita."

Ta fita tana ƙwafa, don ta san gaskiya ya faɗa. Da aka tashi daga aiki ta kai wa ƙanwar safar hannu.

"Yaya, duk karatun naki safa ya haifa?" in ji ƙanwar.

Washegari yayar ta bi ma'aikatan masana'antar ɗaya bayan ɗaya, tana roƙonsu su je asibiti. Huɗu kacal suka yarda, sauran suna tsoron kora.